Faifan da ya tayar da Baba daga kujera

Jama'a, yau na ga Baba yana rawa! Mahaifina, da idona!

Tun da muka ɗauko shi daga Zariya bayan rasuwar Mama, ba ya son magana. Daga ɗaki sai masallaci.

Ɗazu na shiga wani shagon tsofaffin kaya a titin Elm Street, nan garin da muke zaune, na sayi garmaho. Mai shagon ya ƙara mini da faifai ɗaya, wai na farko da wasu samari masu kiɗan Turawa da ake kira rokabili suka fitar tun kafin a haifi yayanmu.

Ina kunnawa a falo, jita ta fara tsalle, sai ga Baba a bakin ƙofa.

"Kai, Nasiru, ina ka samo wannan?"

"Baba, kun san shi ne?"

"Ni za ka tambaya? Shi muke sawa a kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Ture teburin nan!"

Wallahi ya karkaɗa ƙafa, hula har ƙasa, jikokinsa suna ta ihu. Da ya zauna yana haki da dariya, sai ya ce, "Kada abokina Alhaji Sani ya ji labarin nan a masallaci."

To, ga shi kun ji. Ku kuma, wace gwaninta iyayenku suka ɓoye muku?