Ƙullutun da Na Kasa Faɗa a Gaban Yaya

Bayan na yaye ɗiyata ta fari ne na ji shi, ina wanka: wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino a nonona na hagu. Ba ya ciwo. Rashin ciwon shi ya fi ba ni tsoro, don gwaggona da ciwon daji ya kashe, haka nata ya fara, shiru.

Maigidana yana kudu wurin ci-rani. In ba ya nan, wansa, da muke ce wa Yaya, ke kai mu asibiti a kan babur daga ƙauyenmu na wajen Kebbe. Yaya kuwa ba ya barin mace ta shiga wurin likita ita kaɗai, a ganinsa sakaci ne da amanar ƙanensa. Shi zai zauna, ni in tsaya a bayansa, likita ya yi tambaya shi ya amsa. To ni da ko ruwa ba na sha a gabansa, da wane baki zan ce nono? Na ce masa jikina ne ba daɗi, shi kuma ya mai da shi zazzaɓi. Aka ba mu maganin zazzaɓi muka dawo. Muka sake zuwa, aka sake ba mu. Na zuba su cikin kwalla, ban sha ba.

Bayan girbin gero Yaya ya ga ina ta ramewa, ya ce mu gwada Tambuwal. Likitan can ya saurare shi har ya gama, sannan ya roƙe shi ya ɗan jira a waje. Yaya ya ce ai shi ne a madadin mijina. Likita ya ce ya sani, amma ƙa'ida ce a tambayi mace lafiyar nononta, ita kaɗai, ko ciwon kai ne ya kawo ta. Ya ce a da, cunkoso kan sa su tsallake tambayar, yanzu an matsa masu. Yaya na jin kalmar nono ya miƙe ya fita, har ya bar makullin babur a kan tebur.

Wata dattijuwar nas ta ja labule.

"Ɗiyata, akwai abin da kike ji?"

Na kama hannunta na ɗora a wurin. Sai hawaye.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin damina, Inna."

"Au, shi ne kika kawo muna zazzaɓin wan miji?"

Ina kuka sai ga dariya ta kuɓuce mini.

Ta duba duka biyun har cikin hammata. Na ba su labarin gwaggo, likita ya ce bai ga alamar mugun abu ba, amma ba zai sallame ni da zato ba, sai an ɗauki hoto a Sakkwato. Wannan karon Yaya da kansa ya ce matarsa ta raka ni.

Can aka ce ruwan nono ne ya taru wuri guda bayan yaye. Da allura suka zuƙe shi ina kallo, fari-fari. Na shafa, babu komai. Suka nuna mini yadda zan riƙa dubawa bayan kowace al'ada, suka ce in na ji wani abu in zo, kar in jira.

A motar dawowa matar Yaya ta sayo mana ƙosai. Na cinye nawa, na cinye nata, sannan na jingina da kafaɗarta. Sai da muka iso Tambuwal ta tashe ni.