Bappa Hambali, Wanda Ya Zaɓar Mini Mota

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Bappa Hambali na Garo, ƙanin mahaifina, tsohon direban layin Kabo zuwa Gwarzo. A cikin motata ya cika.

Bappa, ban san ta ina zan fara ba. Bara da na tashi sayen mota ta hannu don zuwa makarantar da nake koyarwa, kai ka bar gonarka ka raka ni wurin dillalai. Idona ya faɗa kan wata ja mai sheƙi. Kai ko fentin ba ka kalla ba. Ka shiga, ka taka birki ka riƙe, ƙafarka na nutsewa a hankali har ƙasa. Ka fito ka durƙusa, ka shafa bayan taya, ka nuna mini yatsanka jiƙe da man birki.

"Sa'ada, wannan yoyo take. Kowace mota ta iya gudu, tsayawa ake dubawa."

Na yi fushi, har na ƙi yi maka magana a hanya. Ka bar ni na huce. Da muka samu wata toka-toka mai lotsattsen gefe, ka sa na tuƙa ta a hanyar Durun. Ka ce in sassauta hannu a sitiyari in taka birki, mu ga ko za ta karkata. Ka ce in kasa kunne ko ƙarfe na gugar ƙarfe. Ka ja birkin hannu a gangare, muka jira, ba ta motsa ba. Sannan ka ce, "To, yanzu zan iya barci."

Ita na ɗauko ranar da matarka Inna Asiya ta kira ni tana kuka, wai ka faɗi a bakin rijiya, bakinka ya karkace. Muka kwantar da kai a baya, kanka a cinyarta, muka nufi asibitin Gwarzo. Shanu suka tare hanya, na taka birki, mota ta tsaya cak. Ta yi mini duk abin da na nema. Ni ce ban san abin da zan yi maka ba. Ina jin numfashinka yana ja da baya, ina kiran sunanka ta madubi. Kafin mu shiga gari Inna ta ce, "Sa'ada, rage gudu. Ya tafi."

Har yau na kasa buɗe ƙofar bayan nan.

Allah Ya jiƙanka, Bappa, Ya yafe maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Asiya, 'ya'yanka Zainulabidin da Hamida, da dukan jama'ar Garo, Allah Ya ba mu haƙuri. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.