Jallabiya a Kan Keken Tsere

Abin ya faru ne wata Asabar a tsakiyar daminar bara, da sassafe, a bakin tafkin Jabi da ke Abuja. Lokacin da aka fara, mutum ɗaya kawai na sani a cikin taron, wato maƙwabcina a Lugbe, mutumin Filato, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya. Sauran ukun da labarin ya shafa sun iso ne ina cikin ruwa. A lokacin ina gab da cika shekara hamsin, ina karanta labarai a wani gidan rediyo. Jama'a sun san muryata, ba su san fuskata ba, kuma haka na fi so. Ni mutum ne mai tsari. Ba na shiga situdiyo sai na bi takardata layi-layi, ba na fita ƙofar gida babu hula. Abin da ya ƙi bin tsarina shi ne teɓata, wadda ta kai tana riga ni shiga ɗaki, har likita ya auna jinina ya ce in zaɓa tsakanin motsa jiki da shan ƙwaya kullum.

Maƙwabcin nan nawa ne ya ja ni. Ya ce akwai gasa da ake yi wa 'yan sha'awa irinmu, mai hawa uku a jere: a yi ninkaya a tafki, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu, duk babu hutu a tsakani. Na ce masa wannan ai hukunci ne, ba wasa ba. Ya yi dariya ya ce oga mai labarai ya saba ba da labarin wahalar wasu, gara shi ma ya ɗanɗana tasa. Haka muka fara. Na sayi keken tsere na hannu, wani bakanike a Apo ya gyara mini birki da kaca. Bayan sallar asuba mukan bi gefen titin filin jirgi kafin motoci su yi yawa, ƙarshen mako kuma mu biya kuɗin shiga wurin ninkaya na wani otal. Iyo ba baƙona ba ne, na koya tun ina yaro a kogin garinmu, numfashin ne kawai ya tsufa. Sannu a hankali wando ya fara zamewa daga ƙuguna, uwargidana ta fara ƙara wa tazuge ƙulli tana yi mini tsiya.

Matsalar ita ce kayan gasar. Riga ce da wando a haɗe, na roba mai manne wa jiki, da su ake shiga ruwa, da su ake hawa keke, da su ake gudu. Na samo nawa a gwanjon Utako, na zaɓi wanda ya sauko har gwiwa. Da na gwada a ɗaki, uwargida ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in Allah Ya yarda ba wanda ya san mu da zai gan ni. Ni ma abin da na dogara da shi ke nan. Ranar gasar na ɗora tsohuwar jallabiyata mai ruwan toka a kai, na je da ita har bakin tafki, na ninke ta na ajiye kusa da kekena a filin da aka kewaye don sauya kaya.

Abin da ban sani ba shi ne, surukina ya shigo Abuja a daren Juma'a don wani suna, ya sauka gidan ɗansa, ƙanin matata. Da uwargida ta kira ta gaishe shi da safe, ya tambayi ina Malam, don haka yake kirana, bai taɓa faɗin sunana ba. Ta ce na tafi tsallaka tafki. Ya ce tafki kuma, da jirgi? Ta ce a'a, da hannu. Nan take ya ce a kai shi ya gani. Ya kamata mai karatu ya san irin zamanmu da Baba. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa ganin kaina babu hula ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Duk inda ya zauna yakan ce surukinsa shi ne mai karanta labarai, mutum mai kamun kai. Wannan shaidar ita ce dukiyata a gidansu. Uwargida ta yi ta kiran wayata don ta gargaɗe ni, wayar tana cikin jaka, ni kuma ina cikin ruwa.

Ninkayar ta yi daɗi fiye da yadda na zata. Ruwan da sanyi, ba a ganin ƙasa, na sha ƙafar wani a haɓa, na haɗiyi abin da ya sawwaƙa, amma na riƙe numfashina na tafi a hankali. Da ƙafata ta taɓa laka a gaɓa, farin ciki ya cika ni. Na miƙe, na ɗaga gilashin ruwa daga idona, sai ga farar kujerar roba a bakin igiyar da ta kewaye kekuna, ga Baba a kai cikin farar babbar riga, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa. Uwargida tana bayansa ta toshe baki da mayafi. Ƙaninta kuwa ya riga ya ɗaga waya yana ɗauka, haƙoransa duk a waje. Ban san lokacin da na koma cikin ruwa ba. Wurin bai wuce ƙugu ba, amma na durƙusa har ya kawo mini wuya. Mai kwalekwalen ceto ya taso da sauri, ya zaci nutsewa nake. Na ce masa lafiya lau, hutawa nake. Ya ce oga, ba a hutawa a nan, ko in fita ko ya cire ni. Mutanen da na wuce da ƙyar suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya.

Allah Ya kawo wani ƙaton Bature yana fitowa yana haki. Na laɓe a gefensa, na bi shi taku da taku kamar inuwa har wurin kekena, na fizgo jallabiya na zura a kan jiƙaƙƙen jikina, na kifa hular kwano. Sai a lokacin na ji na dawo mutum. Amma hanyar fita da keke ta gaban kujerar Baba ta bi, kuma babu yadda za a yi in gifta shi kamar ban gan shi ba. Na jingine keke, na tsuguna, ruwa na ɗiga daga hancina, na gaishe shi. Ya amsa a natse yadda ya saba. Na tambayi hanya, na tambayi mutanen gida, na tambayi damina. Ya ce ruwa ya yi kyau bana, sai dai gero na gefen fadama ya sha ruwa da yawa, ya fara yi mini bayanin wace gona ce. Wata jami'ar gasa tana ta busa usur tana nuna mini hanya. Ƙanin matata, wanda dama abokin wasana ne, ya sunkuyo ya ce Yaya ai ban tambayi shanu ba tukuna, kuma akwai tumaki. Baba ya ce masa ya yi wa mutane shiru, sannan ya ce mini in je, Allah Ya ba da sa'a.

Maƙwabcina ya riga ya yi nisa, amma da muka yi kiciɓis a kwanar farko, shi yana dawowa, ya ga abin da na sa, ya ɗaga murya ya ce in cire wannan riga kafin ta kashe ni. Ban cire ba. Na fito da dabara, kuma a lokacin na ɗauka dabara ce mai kyau. Hanyar keken zagaye ce, ana dawowa ta gaban 'yan kallo a sake tafiya. To in na yi nisa sai in tattare jallabiyar in cusa a ƙuguna in taka da ƙarfi, in na hango farar rigar Baba sai in sake ta ta rufe ni, in wuce a miƙe kamar mai zuwa masallaci. Zagayen farko ya yi, na biyu ma ya yi, har na ɗan ɗaga masa hannu. A zagayen ƙarshe hadari ya haɗo, iska ta taso daga tafki. Na saki kan keke da hannu ɗaya, na zazzage jallabiyar, iska ta kwashi jiƙaƙƙen bakinta ta miƙa wa kaca. Na ji an ja ni ta baya kamar an kama wuyan rigata, tayar baya ta tsaya cak, ni kuma ban tsaya ba. Na sauka a kan kwalta da gwiwa da gwiwar hannu, keken ya biyo ni ya kwanta a kaina. Da na buɗe ido, takalman Baba na fara gani.

Kacar ta naɗe rigar har kusan ƙirjina, ko juyawa ban iya yi. Wata nas ta iso da gudu da akwatinta, da Hausarta ta Abuja wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ta ce oga ta kwanta kada ta motsa. Ta zaro almakashi. Na roƙe ta a hankali ta bari a warware. Ta ce ita ba tela ba ce, jini take gani. Ta tsaga jallabiyar daga ƙasa har wuya, ta buɗe ta gida biyu, ta cire mini hular kwano don ta duba kaina. Ga ni kwance a gaban surukina, babu hula, babu riga, sai robar nan da ragowar teɓa, jama'a sun kewaye mu. Ciwon gwiwar bai dame ni ba ko kaɗan. Na rufe ido, na yanke shawarar cewa gasa ta ƙare, in uwargida ta matso zan karɓi mayafinta in lulluɓa, in nemi mota.

Ina jin muryar Baba a samana. Bai yi magana da ni ba. Ya tambayi nas ɗin ko akwai karaya, ta ce babu, kurjewa ce. Ya tambayi jami'ar mai usur abin da ya rage, ta ce in na tura keken zuwa cikin igiya, saura gudu, kuma har yanzu ba a rufe ba. Sannan ya kira ɗansa ya ce ya juya masa kujera ta fuskanci tafki, wai rana tana dukan idonsa. Babu rana a ranar, hadari ne baƙi ƙirin. Aka juya kujerar, ya zauna ya ba hanya baya, ya ce wa 'yarsa ta faɗa wa Malam abu uku aka ce masa za a yi, shi kuma biyu ya ƙirga, ba zai koma gida da labari guntu ba.

Na tashi. Nas ta ɗaure gwiwar, na tura keken cikin igiya, na sa takalman gudu. Ba zan ce gudu na yi ba, wani abu ne tsakanin ɗingishi da sassarfa. Ruwan sama ya sauko ya wanke mini fuska, kuma a karon farko tun safe na ji dariya tana taso mini. Maƙwabcina, wanda ya riga ya gama, ya dawo ya bi gefena yana cewa oga mai labarai yau shi ne kanun labarai. Daga baya uwargida ta ba ni labarin cewa ƙaninta ya tsaya a gefen Baba riƙe da lema, yana kwaikwayon muryata ta rediyo, yana sanar da shi cewa rahotanni daga bakin tafki na nuna Malam ya wuce wata tsohuwa, sannan tsohuwar ta sake wuce shi. Baba yana kallon ruwa, kafaɗunsa suna rawa. Na iso cikin na ƙarshe-ƙarshe, an fara naɗe rumfuna. Da aka faɗi lambata a lasifika, Baba ya ce alhamdulillahi, ya miƙe ya nufi mota ba tare da ya waiwaya ba, ya bar wa uwargida saƙon a gaishe ni da ƙoƙari.

Na daɗe ina tunanin abin. Ban ga laifin kunyar da na ji ba, da ita aka raine ni, kuma ba na fatan rabuwa da ita. Kuskurena shi ne na ɗauka ni kaɗai ke da aikin kare mutuncina a wurin, har na kusa karya wuyana a kai. Na manta cewa dattijon da na tsuguna wa shekara da shekaru ya fi ni sanin yadda ake kau da ido. Da na fito daga ruwa na wuce da gudu na ce Baba sai na dawo, da ya dubi tafkin tun a lokacin, da kuma gwiwata tana nan lafiya.

Don haka ina jan hankalin 'yan'uwa masu sha'awar irin wannan gasa, musamman mu da muka fara ta da furfura. Kayan da mutum bai taɓa yin atisaye da su ba, kada ya sa su ranar gasa, komai dalili. Wanda robar nan ta dame shi, akwai dogon wandon wasa mai ɗan sakin jiki da ake ɗorawa a kai, bakinsa a tsuke, kaca ba ta kama shi. Ni ma shi nake sawa yanzu. Kuma a faɗa wa iyali gaskiyar yadda abin yake tun da wuri, don wanda zai zo kallo ya san me zai tarar. Jallabiya dai ba ta da wuri a kan keken tsere.

Da babbar salla muka je gida gaishe da Baba. Na tsuguna, da hulata. Ya tambayi aiki, ya tambayi yara, ya tambayi gwiwa. Na ce ta warke. Daga nan muka shiga maganar tsadar taki.