Kunnen Mai Gyaran Rediyo

Yayana gyaran rediyo yake yi, a wani ɗan shago mai warin dalma kusa da tasha. Kafin ya kwance ko kusa ɗaya, sai ya kara rediyon a kunne, ya lumshe ido, ya faɗa maka ciwonta. Nakan tsokane shi da likitan da bai taɓa shiga aji ba.

Matarsa na da cikin fari sai tari ya kama shi, tibi irin wanda ba ya jin maganin da aka saba. A asibiti wata likita ta ce suna gwajin sababbin ƙwayoyi. Za a raba marasa lafiya gida biyu: wasu su sha ƙwayoyin, wasu a yi musu tsohuwar allura, wadda takan taɓa kunne. Kwamfuta ce ke rabon, ba ta san kowa ba. Ya amince, ya kuwa faɗa gidan allura.

Ranar saura kaɗan in cinye likitar nan ɗanya. Ya riƙe mini hannu.

"Ke, rage murya. In babu namu gidan, da me za su kwatanta ƙwayoyin?"

Tarin ya fara sauƙi, sai kunnen ya soma ƙara, wai kamar rediyo ta rasa tasha. Suka tsayar da allurar, amma aikin gama ya gama. Addu'arsa ɗaya ce, Allah ya bar masa abin da zai ji kukan ɗansa.

Ranar haihuwa muna zaune a barandar asibiti, jaririya ta tsala kuka. Kowa ya miƙe. Shi yana zaune, yana bin fuskokinmu da kallo. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Ƙwayoyin sun ci gwaji, da su ake magani yanzu. Da na rubuta masa haka, ya yi hamdala. Ni dai har yau da sauran fushina.

Yanzu yatsa yake ɗorawa a lasifika ya gane ko rediyo ta tashi. Haka yake wa 'yar: tana surutu, tafinsa na kan ƙirjinta. Rannan ya juyo ya tambaye ni, "Muryar wa ta ɗauko?"

Na nuna masa hoton marigayiya Inna a bango. Ya mayar da tafinsa kan ƙirjinta, ya lumshe ido.

"Ci gaba, 'yata," in ji shi.