Inda Farar Saniya Ta Taka

Ƙauyenmu yana ƙasar Gwiwa, a gindin wasu duwatsu. Manoma ne mu, gero da dawa da gyaɗa, sai rugar Fulani guda a gabas, wadda ta girmi kowa a garin. Idan aka gama girbi sanyi ya shigo, bayan sallar isha muke taruwa a ɗakin kakarmu Iya Tabawa, mahaifiyar babanmu. Takan hura wuta da karan dawa, ta tura gyaɗa cikin toka, ta miƙe ƙafafu. Ni takan ce mini "maigidana marar cefane", in ce na sake ta tuni, ta ce ai da ma ba ta ga abin zama ba.

Tatsuniyoyinta da yawa, amma akwai guda da ba ta gajiya da ita. Ba ta ma buɗe ta kamar sauran. Sai dai ta kakkaɓe zani ta ce, "To, ku zo mu bi sawun Fara."

Wai a farkon zama, wani mahaƙin rijiya ya sauka a nan da iyalinsa. Ya haƙa rami uku, ko laima bai gani ba. Yana shirin tashi sai ga wani makiyayi da garken da ƙishi ya ci rabinsa. A cikin garken akwai tsohuwar farar saniya mai karyayyen ƙaho. Ta fice daga cikin 'yan'uwanta ta kama hanya, mutanen biyu suka bi ta, kura kuma tana laɓe a bayansu tana haɗiyar yawu. Sau bakwai saniyar ta tsaya. A na bakwai ta tona ƙasa da kofato ta kwanta, aka haƙa, ruwa ya ɓullo. Nan mahaƙin da makiyayin suka yi rantsuwa: duk inda Fara ta taka, fartanya ba za ta taɓa shi ba har abada. Wannan hanyar ita ce burtalin da shanu ke bi zuwa rijiyar garin.

Wuraren tsayawar nan bakwai su ne suka ishe mu. Iya ba ta faɗarsu a tsallake. Sai ta ambaci wuri, ta faɗi gidan da gonarsu ke dama, da wanda ke hagu, da inda kakansu ya fito: waɗannan daga wajen Roni, waɗancan yunwa ce ta koro su daga arewa. Mu kuwa kura muke jira, don ita ce ke faɗawa busasshiyar rijiya a ƙarshe tana ihu.

"Iya, don Allah wuce sunayen nan, ki zo kan kura!"

"Kai, ja can, sarkin gaggawa. Kurar ba ta gudu. Daga dutse mai kama da turmi sai ina?"

"Sai kukar da aradu ta raba."

"Madalla. Daga nan fa?"

Mukan amsa uku ko huɗu, sai hankalinmu ya koma kan gyaɗar da ke toka. Wani lokaci takan haƙura ta tsallake. Ta rasu ina aji biyu a sakandare.

Shekarun baya ina koyarwa a wata firamare a Kazaure aka aiko mini in zo gida. Gonaki sun ci burtali, kowace damina a ƙara kunya ɗaya, har shanu ba su da hanyar ruwa sai ta cikin shuka. Buba, wanda mahaifiyarsa ke kawo wa Iya nono muna yara, shi ne yanzu babba a rugar. Ya kai kuka wurin dagaci. Shi Buba ya san hanyar da ƙafarsa, amma aka ce shi ne mai shanun, dole sai ya kawo shaida daga cikin manoma. Tsofaffin duk sun tafi. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, a kira jikan Iya Tabawa. A ɗakinta ya girma."

Da hantsi muka fita, ni a gaba, dagaci da mutane a baya. Dutsen turmi yana nan. Kukar ta faɗi amma kututturenta bai ruɓe ba. Jan suri, na nuna. Gawo uku, saura ɗaya, na nuna. Aka kafa turke a kowane wuri. Daga nan na tsaya. A gabana gero ne shimfiɗe, ba alamar hanya, kuma gonar ta Baffa Sale ce, ƙanin babanmu, wanda ya riƙe ni bayan baban ya rasu. Yana tsaye da fartanya a kafaɗa.

Dagaci ya ce, "Malam, daga nan sai ina?"

Na rufe ido. Muryar Iya na ji sarai, har da tarinta, amma kura kawai take ba ni.

"Ranka ya daɗe, ban tuna ba."

Buba ya dube ni, ya ce, "Ba komai, Malam. Allah ya saka da alheri." Da aka gama girbi suka kwance rugar, suka yi wajen Babura, kusa da iyaka. Na ji labarin a waya ina cin abinci, na ce Allah ya kiyaye hanya, na gama cin abincina.

Sai daga baya na gane abin da tsohuwar nan take yi. Garin ba shi da takarda ko guda. Tarihinsa da iyakokinsa a bakin mutane suke, ita kuma yara kaɗai gare ta da za ta ba ajiya, don haka ta haɗa mana da kura mu karɓa. Wannan na gane shi, bai kuma sa na yi kuka ba. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji kunya ba, ban ji komai ba, kuma wannan rashin jin ne ke ba ni tsoro. Abin da na kasa sani har yau shi ne, da gonar nan ba ta Baffa ba ce, shin da na tuna wuri na biyar?