Dariya a Cikin Tulu

Yayana Sanusi ya zo duba ni ranar Juma'a da wani ɗan kile a aljihu, abin nan mai kamar ɗan yatsa da ake cusa wa tele, wato talabijin, a baya. Takaba nake yi a Tanut, a gidan iyayen mijina, tun da babbar motar da yake tuƙawa ta kife da shi a hanyar Agadas. Yaya ya zauna a bakin tabarma yana zayyana mini abin da ya zuba a ciki kamar mai tallar magani a kasuwa.

"Rabi, akwai sabon wasan nan na 'yan gidan haya, kullum faɗa a kan famfo, sai cikinki ya ƙulle don dariya. Akwai na yaƙi, dogo ne, shi zai ci miki lokaci. Sai na tsofaffin nan masu barkwanci da muke leƙe muna yara a Gangara. Ni da shi nake so ki fara."

Na ce masa na yaƙin ya riƙe abinsa, mutuwar da ke cikin gidan nan ta ishe ni. A kan sauran biyun kuwa sai na dubi bangon da ya raba ɗakina da na Hajiya, uwar mijina. Bangon nan ko atishawa ka yi sai an amsa maka daga can. Yaya ya gane, ya ɗora kilen a kan tele ya yi mini sallama.

Ni zaman ɗaki bai dame ni ba kamar yadda Balki ta dame ni. 'Yata ce, shekararta biyar, yarinyar da a da ko kaza ta yi tuntuɓe sai ta faɗi ƙasa tana ƙyaƙyatawa. Tun rasuwar ubanta ban ƙara jin dariyarta ba. Magana ma da raɗa take yi, tafiya kuma a saɗaɗe. Wannan abu yana ci mini rai, kuma shi ya sa tun da Yaya ya fita nake ta tuna Kaka Zuwai.

Ban fi shekara takwas ba kakanmu ya rasu a Gangara, da shigowar sanyi, an gama zuba gero a rumbu. Kaka Zuwai, uwar babanmu, ta shiga takaba. Mace ce wadda ƙafarta ba ta san gida ba: in ba ta bakin rijiya tana gidan suna, in ba ta gidan suna tana kasuwa tana tsokanar Buzaye masu cuku da 'yan kalmomin Buzancin da ta tsinta. Dariyarta kuwa daga bayan gari ake gane ta. Sai ga ta a ƙunshe cikin bukka da tsohon zane, riƙe da 'yar wuƙar nan da ake ba mai takaba, ba ta da aikin yi da ita sai tonon garwashi.

Ƙanwar kakanmu, Gwaggo Hajara, ta taso daga Falanko wai taya zama. Mu dai gadi muka ga tana yi. Fuskarta a murtuke, amma kada a ɗora wa makoki laifi, ko ranar salla haka take. Ita ta kafa mana doka: ba tsalle, ba waƙa, ba zuwa kallo. A lokacin tele ɗaya ce a unguwarmu, ta wani mai shago, da batirin mota take aiki. Bayan sallar isha'i yaran unguwa duk can suke tafiya. Mu kuwa muna gida kamar awakin da aka ɗaure a turke, muna jiyo shewarsu iska tana kawo mana.

Ba mu da wurin zuwa sai bukkar Kaka. A tsakiya akwai kaskon wuta, karan gero da busasshen kashin shanu, hayaƙi yana sa mu hawaye ba don muna kuka ba. Mukan jeru muna miƙa tafin ƙafa, gaba ya yi zafi, baya yana shan sanyi. Ita kuma tana fasa mana goruba ko ta gasa mana 'yar gyaɗa a toka, tana ƙirga kawunanmu da tsinin wuƙarta don kada wani ya ci rabon wani.

Wani dare ta dube mu duk mun zumɓure baki, ta ce, "Wai me ake rabawa a akwatin nan da kuke mini zaman marayu?"

Yaya Sanusi, da yake tun yana yaro bakinsa ba ya ƙaiƙayi a banza, ya miƙe ya kwaikwaya mata wasan da ya gani kafin rasuwar: wani mai gadi da ɓarayi suka ɗauke shi da gadonsa yana minshari, suka ajiye shi a tsakar kasuwa, ya farka yana tambayar wa ya sace gidan. Yaya ya yi minsharin, ya yi zare idon. Kaka ta yi ta cijewa, ta cije, sai abin ya ƙwace mata. Dariyar nan tata ta da, mai girgiza kafaɗa, ta cika bukkar.

Daga waje muka ji muryar Gwaggo Hajara. "Zuwai, ƙasar kabarin yayana ko bushewa ba ta yi ba."

Kaka ta ja bakin zane ta toshe bakinta. Ban taɓa ganin babba ya ji kunya a gabanmu ba sai ran nan, kuma na ji haushin Gwaggo har cikin raina. Can Kaka ta sauke zanen, ta ɗaga murya yadda na waje zai ji.

"Ga wata nan ta taso daga arewa, zanenta duk ƙarangiya."

Haka take buɗe tatsuniya, mu kuma muka amsa yadda ta koya mana: "Ta zauna mu cire mata."

Wai an yi wani mai gari da raƙuminsa ya mutu, raƙumin da ya fi so fiye da 'ya'yansa. Don baƙin ciki ya sa aka yi shela: duk wanda aka ji ya yi dariya a garin, a bakin awakinsa. To akwai wata mata, Tabawa, wadda dariya ba ta neman izininta kafin ta zo. Ga ta da jariri a baya, ga 'yan awakinta da take tatsa. Sai ta yi dabara. Ta samo tulu, duk lokacin da dariya ta taso mata ta ruga bayan rumbu ta cusa baki a ciki ta juye, ta liƙe da laka. Tana cewa a ranta, ranar da aka ɗage doka zan buɗe in sha abata a huce.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, tulu ya yi nauyi. Wani dare kura ta biyo ta bayan rumbu, ta ga tulu a liƙe, ta ce ai man shanu ne. Ta fasa, ta lashe tas. Amma dariyar ta daɗe a rufe, ta yi tsami. A nan Kaka ta kwaikwayi kukan kura ƙasa-ƙasa, muka matsu a jikinta.

"Shi ya sa har gobe in kura ta yi dariya ba mai taya ta," in ji Kaka. "Ta ajiya ce, ta lalace."

Da mai gari ya sayi sabon raƙumi ya manta da tsohon, aka ɗage doka. Tabawa ta ruga bayan rumbu, ba ta tarar da komai ba sai katangar fasasshen tulu. Ta ce ba komai, bari ta yi sabuwa. Ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ɗanta kuwa ya riga ya yi wayo bai taɓa jin ɗan Adam ya yi dariya ba. Ranar da wani baƙo mai jaki ya tsaya a bakin rijiya ya ƙyalƙyale, yaron ya zubar da guga ya sheƙa gida yana ihu wai kura ta shigo gari da rana tsaka.

"Ta ƙare," Kaka ta ce, "ta bar mini ƙaya a zane. Kowa ya tashi ya kwanta."

Mu a lokacin labarin kura muka ji. Daren nan ba wanda ya yarda ya fita fitsari shi kaɗai. Da na ɗan girma na ɗauka habaici ne ta yi wa Gwaggo Hajara, har ina jin daɗi wai Kaka ta rama. Ba ta rama komai ba. Gwaggo ta ci gaba da gadinta, Kaka kuma ba ta sake yin dariya da ƙarfi ba har ta fita takaba. Bayan ta fita ma ba ta dawo daidai ba. Ta koma rijiya, ta koma kasuwa, amma in abin dariya ya zo sai ka ga hannunta ya riga ya kai bakinta. Haka ta mutu. Ita da ta san labarin tulun, ita ma ya ci ta. Abin da dai ba ta bari ba shi ne mu. Kowane dare sai ta sa Yaya ya yi mana wani wasan, mu yi ta birgima, ita tana kallon wuta, in Gwaggo ta yi magana ta ce, "Yara ne, ba su suka yi aure ba."

Sai yanzu da nake zaune inda ta zauna na gane nauyin abin. Malamin da ya zo mana ta'aziyya ya faɗa mini abin da mai takaba za ta bari: ado, turare, kwana a wani gida. Bai ambaci dariya ba. Amma abin da littafi bai hana ba idon mutane yakan hana, kuma ba na ganin laifin Hajiya. Ɗanta ne, ita ta haife shi, nakan ji kukanta da asuba kamar yadda take jin nawa. Ina kunyarta, ina tausayinta, kuma wallahi wani lokaci ji nake kamar ɗakin nan yana matsowa.

Jiya bayan magariba na cusa kilen. Na zaɓi na tsofaffin, na rage murya, na zaunar da Balki a cinyata. Wani tsoho ne ya shiga ɗaukar hoto, duk lokacin da aka ce ya tsaya cak sai ya miƙa wa mai hoton hannu su gaisa. A karo na uku na ji cikin Balki ya motsa. Wata 'yar ƙara ta kuɓuce mata, nan take ta dubi bango, ta sa hannu biyu ta danne bakinta. Ba wanda ya koya mata wannan. A wurina ta gani.

Na ji takun Hajiya a tsakar gida, ya zo daidai ƙofata ya tsaya. Na san abin da za a iya faɗa gobe, cewa matar marigayi har ta fara kallon wasa. Tawa dariyar ban same ta ba, na neme ta ban ji ko alamarta ba. Amma na kama hannuwan Balki na sauke su daga bakinta, na riƙe su gam a cikin nawa.

Ta ɗago kai ta ce da raɗa, "Mama, an yarda?"

Ban san wanda ya yarda ba. Na dai ce mata, "An yarda," kuma na faɗe shi da ƙarfi yadda na bakin ƙofa zai ji.