Haɗin Kawu: Kwana Biyu a Jos da Ciwon Baya

Mun tashi daga Zariya ana idar da sallar asuba, mu uku: ni, da ƙanina da ke tuƙi, da wani abokina da ba ya jin labarin tafiya bai liƙe ba. Jos muka nufa, ɗaurin auren autan Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, tsohon tela a Anguwan Rogo. Bari in faɗa tun yanzu, ina da gyambon ciki, olsa dai. Ta taɓa kwantar da ni a asibiti, likita ya ja mini kunne cewa akwai magungunan kashe ciwo da na yi bankwana da su har abada. Na ce to, amma ban riƙe sunan ko ɗaya ba.

Hanyar Pambeguwa kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Ka kauce wa rami ka faɗa a yayansa. Ƙanina kuma irin direbobin nan ne da sai sun faɗa ramin sannan su taka birki. Muna isa Saminaka muka tsaya shan shayi, na sunkuya in gyara buhun shinkafar da muka ɗauko gudunmawa, sai na ji ƙas a ƙasan bayana. Na tsaya a duƙe kamar mai ruku'u, na kasa ɗagowa. Abokina ya zaro sachet na wasu jajayen ƙwayoyi daga aljihu, ya ce shi da su yake noma. Na haɗiye biyu da shayi, na cusa sauran a aljihu, ban ko tambayi sunansu ba.

Daga Jengre hanya ta fara hawa, iska ta sauya, duwatsu suka fito jere, wani a ɗore kan wani. Da lafiyata da na more kallo. A bakin titi mata sun baje dankalin turawa da kabeji da karas jawur. Abokina ya taya kwando ɗaya, da ya ji kuɗin ya dawo mota yana cewa ashe a garinsu ma dankali ya zama na manya.

Mun shiga Anguwan Rogo kafin azahar. Lungunan a matse, keke napep ta ko'ina, ƙarar keken ɗinki daga kowane shago. Kawu na ganin yadda na fito daga mota ya girgiza kai.

“Baya ne? Ɗan nan, ai ka zo gidan maganinsa. Shekara nawa na yi a kan keke?”

Ya shiga ɗaki ya fito da ƙullin takarda. A ciki ƙwayoyi ne guda biyar, fari da rawaya da kore, babu kwali babu suna. Shi ne haɗi: ka je kemis ka ce a haɗa maka na ciwon baya, mai shago ya ɓallo daga nan ya ɓallo daga can ya ƙulle maka. Kawu ya ce kullum safiya sai ya sha kafin ya karya. Raina bai kwanta ba. Amma mutumin da ya yi mini kayan sallah tun ina yaro ya miƙo da hannunsa, ga kofin ruwa a ɗaya hannun, ga mutane suna kallo, ta ina zan fara cewa a'a? Na yi kara, na haɗiye, ya ƙara mini wani ƙullin na sa a aljihu.

Da la'asar matar Kawu ta aiko da gwaten acca mai zafi, tare da wani sachet ɗin magani da ta ce tsarabar Umra ce, ba irin na nan ba ne. Wa ya isa ya raina tsarabar Umra? Shi ma ya bi sahu, ragowar na jefa a aljihu. Bayan dai ya lafa, ban musa ba, har na iya zaman tabarma.

Washegari aka ɗaura aure da hantsi. Ana tsakiyar addu'a na ji kamar an zuba mini garwashi a ƙahon zuci. Zufa ta karyo mini a cikin sanyin Jos. Na san wannan zafin, shi ne ya kai ni gadon asibiti a wancan karon, kuma wallahi tsoro ya kama ni. Jama'a na rububin waina da miyar taushe, ni ina jingine da bango ina jin haushin kaina da na duk wanda ya miƙo mini ƙwaya.

Akwai wani tsohon abokin aikina a Daɗin Kowa, ɗan asalin Filato, da na yi niyyar gaisarwa, sai na sa ƙanina ya kai ni. Yana ganina ya fasa gaisuwar, ya sa ni a mota zuwa wani kantin magani na kusa da gidansa. Wata mata ce a ciki da farar riga, wadda ta karanci harhaɗa magunguna, ba mai tsaron shago ba. Kafin ta taɓa komai sai tambayoyi: ina ke ciwo, tun yaushe, ina da olsa ko hawan jini ko ciwon ƙoda, me na sha. Mutum uku suka ba ni magani a tafiyar nan, babu wanda ya yi mini tambaya ko ɗaya. Na zazzage aljihuna a kan teburinta.

Ta duba bayan sachet ɗin abokina, ta duba na Umra, ta tona ragowar haɗin Kawu da bakin biro.

“Oga, wannan ibufurofen ne, wannan dikilofenak. Duka 'yan gida ɗaya ne, suna ne kawai ya bambanta. Mai olsa ba ya shan ko ɗaya, kai ka sha duka. Wannan haɗin kuma ni kaina ban san abin da yake ciki ba. Kana so ka huda cikinka?”

Na ce mata kara na yi wa manya. Ta ce, “Manya ɗin za su kwanta maka a asibiti?”

Ta tambaya ko na yi aman jini ko bayan gida ya yi baƙi, ko ƙafa tana mutuwa, ko fitsari yana kufce mini. Na ce babu. Ta ce da akwai ko ɗaya, asibiti za ta tura ni nan take. Ta ba ni maganin lafar da zafin ciki, da farasitamol, ta nuna mini adadin da ke jikin kwali ta ce kada in wuce shi, kada kuma in haɗa da maganin mura don yawancinsu akwai shi a ciki. Ta ce in riƙa gasa bayan da ruwan ɗumi, in riƙa ɗan takawa, in na koma gida in ga likitana. Da na ba ta labarin Kawu da haɗinsa na kowace safiya, sai ta ajiye biro, ta ce a kai shi a duba ƙodarsa.

Da muka je sallama, Kawu ya fito da ƙulli uku, ya ce guzurin hanya. Sai a lokacin na lura da ƙafafunsa, sun kumbura har silifas ya nutse. Na durƙusa da ƙyar, na ce, “Kawu, ka yi haƙuri, ba zan karɓa ba. Kai ma don Allah ka bari, a kai ka asibiti.”

Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce:

“To, likita. Allah ya kiyaye hanya.”

Ya mayar da ƙullin aljihu ya shige ɗaki. Na ja babban ɗansa gefe na faɗa masa komai, ya yi alkawarin zai lallaɓa shi.

A hanyar dawowa duk inda muka samu wuri sai na sa an tsaya na taka, abokina yana mita wai na mai da tafiyar awa huɗu ta yini guda. Mun shiga Zariya bayan magariba. Likitana ya duba ni washegari, ya ce Allah ya rufa asiri, ya kuma wanke ni tas.

Abin da na koyo a Jos shi ne, kara tana da iyaka, kuma iyakarta maƙogwaro. Ana yin ta a abinci da wurin zama, ban da ƙwayar da ba ta da suna. Bayana ya warware a hankali, cikina ya lafa. Kawu ya je asibitin, ɗansa ya ce likita ya hana shi haɗi, an ɗora shi a kan magani. Sau shida ina kiransa tun da na dawo, bai ɗauka ba. Na gwammace ya yi shekara goma yana fushi da ni.